Ɗauri Huɗu a Cikin Bango

Daren Talata, bayan lisha,
wari ya tashe ni.
Ba na tuwon da ya kama tukunya ba,
warin roba ne tana narkewa.
Firiz ɗin bayan firigo ya yi baƙin baki
kamar yaron da ya wuni a gindin ɗinya.
Da muciya na sauke disjonktar,
don hannuna da danshi.

Firigo ya yi shiru.
Ƙullin zoɓo ɗari da ashirin, da lemun tsamiya,
suka fara gumi a cikin duhu.
Ni ma haka.
Kafin hantsi ƙanƙarata ta koma ruwa,
ruwan da na saya, da wutar da na biya.

Na hau kabu-kabu zuwa Bagalam.
Alhaji Ɗan Jimma na lissafin buhunan aya.
Ya ce, Barira, ɗaki na ba ki haya,
wuta kuwa ta Nijelek ce.
Na ce, Nijelek sun ce iyakarsu kontar,
abin da ya wuce nan na mai gida ne.
Ya ce, abin da ya leƙo daga bango na mai kwana ne.
Na ce, wannan bai leƙo ba, Alhaji,
a ciki ya ƙone.
Ya yi dariya, ya cika mini hannu da aya.

Taku bakwai ne daga kontar zuwa firiz,
na auna da ƙafata.
Taku bakwai na waya, ba uwa ba uba.

Mutari ya zo da turnabis a bayan kunne.
Ya fasa shafe, ya jawo ta a hankali
kamar mai zare ƙaya daga diddige.
Siririya, ta rediyo ma ta fi ta jiki,
kuma an ɗaure ta wuri huɗu:
nan da leda,
nan da robar tayar keke,
nan da filastar asibiti
(wata nas ta zauna kafin ke, in ji shi).
Na huɗun ya daɗe yana juya shi.
Ya ce, wannan hannuna ne.
Shekara shida. Wani malamin lakwal,
dala ɗari ce kawai a aljihunsa,
ya ce in lallaɓa ta, bara zai tashi ai, ko baɗi.

Kowa ya zo ya yi ɗaurin talala,
ya kwashe kayansa, ya bar wa na baya.

Sabuwa, jikka goma sha biyu.
Ko dala ɗari biyu, in ƙara ta biyar.
Ban amsa ba.
Na dubi katifar Hasiya,
a jikin bangon nan take jingina kanta
in tana karatun dare.
Na je na roƙi uwar adashi
ta musanya mini kwasa da wata.

Ƙarshen wata na kai kuɗin haya:
jikka uku, da tsohuwar waya a nannaɗe.
Alhaji ya ƙirga ukun sau biyu.
Ya warware wayar bisa buhu,
yana bin ɗaurin da yatsa, ɗaya ɗaya,
kamar carbin da ba nasa ba.
Can ya ce, to, mu raba, shida shida.
Har na ɗauki takalmina
ya ƙara da cewa, amma daga wata mai kamawa
haya ta hau,
ɗakin yanzu yana da sabuwar waya.

Yau firigo na gurnani a kusurwa,
zoɓo ya daskare har yana cizon yatsa.
Nakan farka tsakar dare in shinshina iska.
Ba komai. Warin sabon siminti kawai.
In na tashi daga gidan nan
zan naɗe tabarma, in kwance ampul ɗina,
taku bakwai ɗin kuwa na bar su
ga wadda ban sani ba, da ƴarta.