Makullin Zulai

Ni ke gadin kangon nan na Katampe,
bene hawa uku, ba ƙofa, ba taga.
Ranar da katafila ta ci layinsu a Mpape
Hajjo ta zo da ƙullin kaya da yara biyu.
Na ce, “Ku kwana, amma da asuba ku tashi.”
Wata bakwai ke nan asubar ba ta yi ba.

Zulai shekararta takwas.
Akwai zare a wuyanta, a zaren akwai makulli,
na ɗakin da ciyawa ta gada.
Da magariba takan zana ƙofa da gawayi a jikin bulo,
ta murɗa makullin sau biyu a iska,
ta ce wa ƙanenta, “Kwanta, na kulle.”

Nafi'u ba ya kwanciya.
Tarinsa kan fara tun isha'i,
ya hau bene, ya sauko, ya same ni a bakin get.
Daɓe ya sha ruwan Agusta,
ƙirjinsa ya sha daɓe.
Sauro ya yi masa rubutu a ƙwauri,
ƙazwa ta kama haya tsakanin yatsunsa.
Mai kemis ya faɗi kuɗin magani,
Hajjo ta ƙirga na wankau,
ta sayo rabi.

In tipar yashi ta yi gurnani a kwana
Zulai takan sandare, hannu a kunne.
Fitsarin kwancen da ta bari tun yaye
ya biyo sawu, ya gano ta.
Takan wanke zanen cikin duhu,
ni kuma in juya baya, kamar ina sauraron rediyo.

Uwarta ta ce da can aku ce,
har malamai na roƙon ta yi shiru.
Yanzu maganarta ta yini
ba ta cika cokali ba.

Daga hawa na uku ana hango Maitama,
fitilu na ci har safe
a ɗakunan da ba kowa.

Jiya injiniya ya zo da tef ɗin awo.
Litinin za a kawo siminti.
Ban gaya wa Hajjo ba tukuna.
Zulai ce ta tsare ni da ido,
ta ciro zaren, ta miƙo:
“Baba, ajiye mini.
Wuyana ya gaji.”