Kunnen da Aka Binne a Toro

Ƙarfe biyun dare janareto ya yi tari ya mutu,
batir ya karɓi aiki.
Daga ni sai allo, sai shayin da ya huce tun lisha.
A bayan ofis, cikin ramin siminti,
an binne wa ƙasa kunne,
ni kuma ana biyana in ji abin da ya jiyo.

Layi ne siriri yake rarrafe,
kamar zare a hannun mai kaɗi.
In ya zabura ba na zabura:
tirela ce ta ɗebo dankali
ta faɗa rami wajen Magama,
ko masu fasa dutse sun tashi nakiya.
Shekara tara na yi kafin in rarrabe
takun mota da juyin ƙasa a shimfiɗarta.

Yunana, abokin aikina, ya liƙa taswira a bango,
ya kewaye wuri guda da jan biro:
Fako, can bakin teku, ƙasar Kamaru,
dutsen da ke naɗa gajimare a ka
ya ɓoye murhu a ciki.
A casa'in da tara ya yi amai.
Narkakken dutse ya gangaro ba gaggawa, kamar kunu mai kauri,
ya cinye gonakin kwakwar manja,
ya hau kwalta ya kwanta
ya ce motoci su nemi wata hanya.
Shekara na zagayowa ya ƙara.
Yanzu ya yi lamo,
kuma Yunana ya ce lamo ba mutuwa ba ne.
Ya ce ko Dutsen Tangale da muke hange a hanyar Kaltungo
maƙogwaro ne da ya daskare da magana a ciki.

Shi lambobi yake so, da kwanan wata.
Ni abin da ya zaunar da ni daban ne.

Inna Dudu tana da ƙane, Hammajoda.
Ya bi ciyawa, ya bi ciyawa,
har tuddan Nyos,
inda tafki ke kwance a bakin tsohon dutse
kamar nono a ƙwarya.
Wani dare cikin daminar tamanin da shida
ruwan ya yi gyatsa.
Babu harshen wuta, babu toka.
Iska ce mai nauyi ta sauko kwari a ɓoye,
tana bi bukka bukka tana kashe fitila.
Da gari ya waye shanu na kwance,
ko ƙuda babu a kansu.
Bayan wata bakwai wani falke ya kawo mana sandarsa.
Ita kaɗai.

Tana nan jingine a ɗakin Inna, bayan tulu.
Kullum na sauka aiki sai ta tare ni a ƙofa:
"Ta yi magana?"
In ce, "Ba ta yi ba."
Jiya ta ƙara tambaya,
tana tsince wake ba ta ɗago ba:
"Wannan kunnen naku, da yana nan a lokacin,
zai ji tafkin?"
Na so in yi mata ƙarya.
Na ce, "Da wuya, Inna. Akwai nisa.
Amma yanzu an zura wa tafkin bututu yana numfashi,
akwai masu kwana a kansa kamar ni."
Ta watsa wa kaji ɓawon wake.
Ta ce, "To kai wa kake wa gadi?"

Ban ba ta amsa ba. Har yanzu ban samo ba.

Ga shi huɗu da minti goma.
Na jawo littafin rajista,
shafi na ɗari uku da sha ɗaya,
na rubuta abin da na rubuta jiya da shekaranjiya:
babu komai.
Na danna biron sosai, har ya fito a bayan takarda.

Ladan ya gyara murya a ƙasan tudu.
Layin ya ɗan girgiza, ya koma.
Na tsaya da buta a hannu ina kallo.
Babur ɗin Yunana ne.
Yau ya yi sammako.