Kwalaben Katako

Jika guda na sayo buhun nan a Katako:
fasassun kwalabe, koraye na lemo,
masu ruwan ƙasa na maganin tari,
da wata shuɗiya ta turare
mai ƙanshin matar da ban sani ba.

Turmin ƙarfen na gado ne.
Gwaggo Tsahara ta daka barkono a ciki shekara talatin,
ni gilashi nake dakawa.
Duk mu biyun da jan ido muke tashi.

Garin kwalba cikin ramin yumɓu,
na soka tsinken rogo,
wuta ta cinye shi, ta bar wa zare ƙofa.

Agali maƙerin azurfa, maƙwabcin rumfata a Wadata,
ya ce tun da baƙi suka ɗauke ƙafa
ƙuda kaɗai ke taya zobbansa.
Duk da haka ya ƙera mini ƙugiyar sarƙa,
ko dala bai karɓa ba.

Da la'asar wata ungozoma ta tsaya,
ta ɗaga shuɗin a rana.
"Dutsen wace ƙasa ne?"
Na ce, "Na Yamai. A bola ake haƙo shi."
Ta yi dariya,
ta janye mayafi, ta miƙo wuya.