Ƙwallaye a Gidan Ɗori

Yau kwanana goma sha tara a Aliero,
ƙafar dama a ɗaure cikin karare.
Lodin albasa na zo yi,
sai ga shi ni aka loda a bayan a-kori-kura.
Mai ɗori ya tofa, ya ja, ya ce kar in motsa.
Ban motsa ba. Rufin ɗakin nan na haddace shi:
azara arba'in da ɗaya, ta bakin ƙofa ta tsage.

Luba ce ta aiko mini da tsohuwar wayarta,
gilashin ya fashe a kusurwa kamar sawun kaza.
Ba layi a ciki, ba lambar kowa,
sai wasa guda, irin na da,
mai kuka kamar 'yan tsaki in an taɓa shi.

Ƙwallaye ne ke tahowa a jere
kan hanya mai naɗewa kamar gammo,
ja, shuɗi, kore, ruwan ɗorawa,
na baya na ingiza na gaba zuwa rami.
Ni ina tsakiya da 'yar bindigata.
In na jefa ja cikin jajaye
suka cika uku, sai su ɓace, fat,
ragowar su ja da baya su haɗe
kamar ba a taɓa raba su ba.
Nan nake tsayawa in dubi cinyata.

Tsoho Arzika na tabarmar gefe,
wanda sansa na huɗa ya karya wa kafaɗa,
ya leƙo da ido ɗaya ya ce,
"Wanga ai dara ta, yaro. Jera uku ka ci.
Sai dai babu wanda kaka yi ma dariya."
Kwana biyu bayan nan shi ke ihu,
"Kore! Kore, kai makaho!"
har matar mai ɗori ta aiko a ce mu rage.

Da la'asar Na-Allah ke kai ta caji bakin tasha,
naira ɗari, da hamsin na ƙafarsa.
Awa biyun nan sun fi ciwon tsawo.
In na rufe ido ƙwallayen na nan suna tafiya,
wani lokaci buhunan albasa ne,
wani lokaci fitilun motar da ban gani ba.

Mataki na sha biyu ya tsaya mini a wuya.
Hanyar ta kasu biyu, gudun ya ƙaru,
yatsa ya yi gumi ya zame,
ramin ya haɗiye su duka, har da na hannuna.
Daren jiya da na sake faɗuwa
sai wayar ta nuna jerin gwanaye.
Suna ɗaya ne daga sama har ƙasa:
Luba, Luba, Luba, sau goma,
kowane da kwanan watansa a gefe.

Na ƙirga da yatsu.
Watan da Inna ta kwanta asibiti a Birnin Kebbi ne,
ƙarfe biyun dare, ƙarfe uku, huɗu saura.
Ni a lokacin ina hanyar Kurmi da kaya,
ina aiko kuɗi, ina cewa gobe.
Ita tana kan benci tana jera uku-uku
don kar barci ya ɗauke ta a kira ba ta ji ba.
Na ƙarshen ranar Talata ne.
Laraba aka yi jana'iza.

Da safe mai ɗori ya kwance karare,
ya danna da babban yatsa, na cije leɓe.
Ya ce, "Ya fara kamawa."
Arzika ya miƙo hannunsa mai lafiya,
wai yau shi zai ture yarinyar nan daga sama.
Na ce masa caji ya ƙare.
Na tura ta ƙarƙashin matashi,
saura sanda uku a batirin.