Mai Shayi a Tashar Surkhet

Kullum sai baƙo ya tsaya gaban tukunyata,
jaka a baya, taswira a hannu:
"Dilmaya, zuwa Jumla, sama ko ƙasa?"

Ni me zan ce?
Shekara sha tara mijina Harka yana jan bas
a gefen kogin Karnali,
taya ɗaya kan dutse, ɗaya kan addu'a.
Kowace kwana ya san sunan wanda ta ci.

Jirgin kuwa ɗan lokaci ne,
in gajimare ya ga dama.
Ƙanwata ta taɓa hawa, rungume da kwandon tuffa,
ta ce duwatsu sun yi ta leƙowa ta taga
kamar masu cigiya.

Masu lissafi sun ce sama ta fi.
Wataƙila.
Lissafi dai bai taɓa jiran kowa
a tasha da fitila ba.

Sai in ce: "Sha shayinka tukuna.
In gari ya waye ka hango ƙololuwar dutsen can, tashi.
In ba ka hango ba,
Harka na fita ƙarfe biyar,
kuma ba ya kurɓar komai sai wannan."