Almakashin Ermelinda

Shekara talatin da ɗaya mahaifiyata Ermelinda
tana kafa wuyan riga a masana'antar Famalicão,
wuya ɗari huɗu kafin a tashi.
Ranar da zan hau jirgin ƙasa zuwa Porto
ta cusa min almakashinta a jaka, naɗe da tsumma,
ta ce, "Ke za ki zana, wasu su ɗinka."

Shekara biyu ina ɗinki ina farkewa.
Hannun riga ya ƙi ni.
In na gyara kafaɗa, hammata ta tattare,
in na saki hammata, baya ya yi doro.
Gunkin awo na kusurwar aji, mai ƙirji ba kai,
ya sha tsirar allurata har na fara ba shi haƙuri.

Amma 'yar takardar nan da ake ratayawa a wuyan riga,
wadda mai saye ke tsinkewa ya yar,
a kanta nake kwana.
Sunana harafi bakwai ne, Iolanda,
sai asuba ta same ni ina matsar da na uku kusa da na huɗu,
in mayar da shi, in sake matsarwa,
shayi ya huce, ruwan sama na dukan taga.

Ranar jarrabawa Farfesa Abílio ya ɗaga rigata da yatsa biyu
kamar mataccen kifin da ya tsinta a bakin Douro.
Ya juya takardar. Ya daɗe yana kallo.
"Wa ya yi miki wannan?"
Na ce ni ce.
"To me kike yi a ajina?"
Na sauko bene hawa uku ina kuka.
Sai bayan mako guda na gane ba zagi ba ne.

A wani lungu mai gangara, bayan tashar jirgi,
akwai maɗaba'ar Dona Graciete,
warin tawada da kananzir, kyanwa a kan tulin takarda,
haruffan dalma kwance a durowa kamar maɓallai.
Na je neman farashi, na ƙare da share ƙasa.
Ba ta yawan magana.
Da farcenta baƙi take nuna min:
harafi ma yana da kafaɗa, yana da ƙugu,
in ka matse shi numfashi ya gagare shi,
in ka sake shi da yawa ya zama rigar aro.
Farar takarda yadi ce, ba a ɓarnar ta.
Ashe abin da hannun riga ya hana ni
yana zaune yana jirana tsakanin baƙi da baƙi.
Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Aikina na farko gwangwanin kifi ne,
na wasu 'yan'uwa biyu a Matosinhos,
shuɗi da ruwan ɗorawa, sunan kakarsu a kaikaice.
Rabi suka biya da kuɗi, rabi da kifi.

Daren Kirsimeti na ajiye guda a teburin girki.
Na faɗa mata na bar ajin ɗinki tun bazara.
Tukunya na tafasa, ba wanda ya duba ta.
Ta zare tef ɗin awo daga wuyanta,
ta auna gwangwanin, tsawo da faɗi,
ta ɗora babban yatsa ƙarƙashin sunan.
"Nan ya matse. Saki kaɗan."
Na duba. Da gaskiyarta.

Sannan ta ce in kawo almakashin.
Kowane tela ya san ba a yanka takarda da na yadi,
ni kuwa wata tara ina yi.
Ta gwada bakinsa a gefen zanen tebur, ya tauna, bai yanka ba.
Ba ta ce uffan ba.

Ranar da zan koma, na same shi a jakata,
an wasa shi, an ɗiga masa mai,
naɗe da tsumman nan dai.