Bar-su

Malam Sabi'u ya kafe babur a gindin darbejiya,
ya kwance jakar da ya ɗaure da tsohon tiyub,
ya ce, "Ina marar lafiyan?"
kamar mutum ya zo dubawa.
Wannan kaɗai ya sa na ba shi hanya.

Yau kwana tara da motar albasa
ta take masa ƙugu a hanyar Auyo.
Ƙafafun gaba suna son tafiya,
na baya sun ce sun gama.
In ya ji takuna sai ya jawo jiki zuwa bakin zaure,
ya bar sawu a ƙasa kamar an ja buhu.
Na shafa man kaɗe, na ɗaura kara,
na je wa mai ɗori, ya dube ni sama da ƙasa:
"Hashimu, da girmana zan taɓa kare?"

Baba ne ya raɗa masa suna
shekarar da ɓarayi suka kwashe mana injin ban-ruwa.
Maƙwabta suka ce, gidan mai salla da kare?
Baba ya ce, "Bar su."
Ya zama amsa, ya zama suna.

Shekara goma sha ɗaya yana kwana a fadama.
Ya san iyakarsa ba a koya masa da sanda ba:
bai taɓa leƙa ɗaki ba,
bai taɓa sunsunar buta ba.
Ranar da aka ɗauki Baba
ya bi mu daga nesa har bakin maƙabarta,
ya tsaya a nan, ya zauna.

Hansatu ta zuba masa nono a kasko,
ya lasa sau uku don kada ta ji kunya.
Uwarta ta ja ta ciki.
Ina ganin idonta ta hudar zana.

Malam Sabi'u ya aske gashin hannun da reza,
ya daddanna yana neman jijiya.
Ya ce, "Riƙe masa kai. Barci ne, ba zafi."
Na duba hagu, na duba dama,
ban san wa nake tsoro ba.
Na zauna a ƙasa da farar rigata
na ɗora kansa a cinya.
Shekara goma sha ɗaya ban taɓa yi ba.
Ashe haka kansa yake da nauyi,
ashe bayan kunnen da biri ya yaga
akwai laushi kamar auduga.

Wutsiyar ta riga ta mutu tun ranar motar,
da kunne ya yi mini godiya.
Allura ta shiga.
Wata kaza tana tono kusa da mu, ba ruwanta.
Numfashi ɗaya dogo,
na jira na bayansa
har Malam Sabi'u ya cire abin sauraro daga kunne
ya ce, "Sai haƙuri."

Na miƙa kuɗi, ya ture hannuna.
Na cusa masa albasa a jaka, bai gani ba,
ko kuwa ya yi kamar bai gani ba.

A amalanke na kai shi, na rufe da buhu.
Na haƙa a gindin giginyar da yake fakewa da rana,
ƙasar da danshi, ba ta ba ni wahala ba.
Na so ta ba ni.

Da la'asar, na sake riga, na fito.
Tanko yana jingine da bangon masallaci:
"An ce har likita ka kira wa kare?
Da taki ka saya."
Sauran suka yi dariya ƙasa-ƙasa.
Na ce wa zuciyata, "Bar su."
Ashe a fili na faɗa.

Sai na waiga
in ga ko yana zuwa.